Masu Gudun Sanyi Daga Arewacin Turai: Ina Rabon Daura A Wannan Kasuwa?

A duk shekara, da zarar watan Nuwamba ya kama, akan ga wata irin ƙaura daga ƙasashen da ke can ƙuryar arewacin Turai, wato Suwidin da Norwe da Denmak da Finlan da kuma tsibirin Aislan. Sanyi da duhu ne ke korar mutanen daga gidajensu. A birnin Stockholm, a tsakiyar watan Disamba, hasken rana bai fi na awa shida ba a yini, a garin Tromso na ƙasar Norwe kuwa rana ba ta leƙowa sam tun daga ƙarshen Nuwamba har zuwa tsakiyar Janairu. Saboda haka duk wanda yake da hali sai ya ɗauki iyalinsa ya nufi kudu neman inda zai sha hantsi na mako ɗaya ko biyu. Wannan ma wani nau'i ne na cin rani, sai dai namu masu cin ranin sukan tafi neman kuɗi ne, su kuwa waɗannan sukan tafi ne da guzurinsu domin su kashe.

Tun da Allah Ya albarkaci Jihar Katsina da rana a daidai watannin da waɗancan mutane ke nemanta ido rufe, kuma Masarautar Daura na da tarihin da babu irinsa a ƙasar Hausa, ya dace a yi tambaya ko akwai rabonmu a cikin wannan kasuwa, kuma idan akwai, wane iri ne. Tambayar tana da nauyi, domin a kan amsarta ne za a san inda ya kamata a zuba kuɗin jama'a da inda bai kamata ba.

Jimillar mutanen waɗannan ƙasashe biyar wajen miliyan 28 ce, wato wajen kashi ɗaya cikin takwas na al'ummar Nijeriya. Amma ƙasashe irin su Sifen da Girka da Turkiyya da Masar da Tailan sun daɗe suna rububinsu, kuma da dalili. Dokar ƙasar Suwidin ta bai wa kowane ma'aikaci hutun kwana 25 na aiki a shekara tare da albashinsa, wato mako biyar ke nan, haka ma a Denmak, sauran ƙasashen kuma ba su yi nisa da hakan ba. Bugu da ƙari, akwai ɗimbin tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya da lafiyarsu da fanshonsu, waɗanda ke iya share wata guda ko fiye a tsibiran Kanariya ba tare da wani ya neme su ba. Galibinsu kuma suna jin Ingilishi, abin da ke sauƙaƙa wa mai masauki.

Sai dai wanda bai san yadda kasuwar take tafiya ba zai iya zaton kowane matafiyi shi ke zaɓar wa kansa inda za shi. A zahiri, wasu 'yan kamfanoni ne ƙalilan suka daɗe da riƙe akalar tafiyar hunturu zuwa wurare masu nisa, irin su Ving da TUI da Apollo da Spies da Tjæreborg. Shi wannan na ƙarshe wani limamin coci ne na ƙauye a Denmak ya kafa shi a 1950, ya fara da kai mutane Sifen a cikin motocin safa. Tsarinsu shi ne su ɗauki shatar jirgi cike, su kama ɗaruruwan ɗakunan otal tun kusan shekara guda kafin lokaci, sannan su sayar wa matafiyi da kuɗin jirgi da masauki da abinci da motar da za ta ɗauko shi daga filin jirgi, duka a kan farashi ɗaya. Ribarsu tana cikin cika kujerun jirgi ne mako bayan mako, daga Nuwamba zuwa Afrilu. Garin da ba zai iya cika jirgi a kowane mako ba, ba su da buƙatarsa komai kyawunsa.

A Afirka ta Yamma an taɓa gwada wannan kasuwa, kuma ta kama. A 1965, shekarar da Gambiya ta sami 'yancin kai, wani ɗan kasuwa ɗan Suwidin mai suna Bertil Harding ya kai ayarin farko na 'yan ƙasarsa, kimanin mutum 300, zuwa gaɓar tekun ƙasar. Kafin 1976 yawan baƙin da ke zuwa a shekara ya kai wajen 25,000. Abin lura a nan shi ne Gambiya ƙasar Musulmi ce, fiye da kashi 90 cikin ɗari na mutanenta masu salla ne, kuma hakan bai hana baƙin zuwa ba. Abin da ya kawo su shi ne rairayin bakin teku, da zaman lafiya, da jirgin da ke sauke su kai tsaye, da kuma rashin wahalar biza.

To amma Gambiya ta ɗanɗani ɗacin abin kamar yadda ta sha zaƙinsa. Da yake a can Turai matafiyi ke biyan kuɗinsa, kaso mai tsoka na kuɗin ba ya ma tsallako teku: na jirgi ya tafi ga masu jirgi, na kamfani ya tsaya a hannun kamfani. Lokacin da otal-otal suka fara tsarin nan da baƙo zai ci ya sha a cikin harabar otal ba tare da ya fita ba, masu gidajen abinci da direbobin tasi da masu sayar da kayan tarkacen hannu suka koka, har gwamnatin ƙasar ta haramta tsarin a 1999. Ba a yi nisa ba ta janye haramcin, saboda kamfanonin Turai sun fi ƙarfinta a wannan ciniki. Daga baya kuma aka ga yadda kasuwar take da saurin firgita. A 2014 baƙi suka ƙaurace wa Gambiya saboda cutar Ebola da ta ɓarke a wasu ƙasashen yankin, alhali ba a sami ko mutum ɗaya da ya kamu a ƙasar ba. A Janairun 2017 aka kwashe dubban 'yan yawon buɗe ido cikin 'yan kwanaki saboda takaddamar miƙa mulki. A Satumban 2019 kuma kamfanin Thomas Cook, wanda yake cikin manyan masu kawo mata baƙi, ya durƙushe ana gab da shiga lokacin ciniki.

Idan aka auna Daura da wannan ma'auni, gaskiyar magana ita ce ba ta cikin wannan babbar kasuwa, kuma ba za ta shiga ba. Ba mu da teku. Magidancin da ya fito daga Helsinki da matarsa da 'ya'yansa biyu, abin da yake so shi ne ya kwanta a bakin ruwa, yara su yi ninƙaya, da yamma a sha abin da aka saba sha a can. Jihar Katsina kuwa tana bin tsarin Shari'ar Musulunci tun shekara ta 2000, kuma babu wani mai hankali da zai ce a sassauta tarbiyyar gari domin a burge baƙon kwana bakwai. Ranar da muke taƙama da ita ma, akwai irinta a wurare da dama da suka fi mu kusa da su. Har ila yau, hazon hunturu kan rufe sararin samaniya a wasu kwanaki har ya hana jirage sauka a Kano da Katsina. Duk wanda ya zo wa gwamnati da shawarar a gina katafaren otal mai ɗaruruwan ɗakuna a Daura domin jiran jiragen shata daga Oslo, ya kamata a tambaye shi wane kamfani ne ya yi alkawarin cika ɗakunan, kuma a rubuce.

Misalin da ya fi kusa da halinmu yana arewa da mu ne, a Jamhuriyar Nijar. Agadas ma ba ta da teku, amma daga shekarun 1980 ta zama zangon Turawa masu sha'awar hamada da duwatsun Azbin da tsohon birni da hasumiyar masallacinsa. Galibinsu Faransawa ne da Jamusawa da Italiyawa, an kuma kai lokacin da jiragen shata ke tasowa daga Faransa su sauka a Agadas kai tsaye a lokacin sanyi. Maƙeran azurfa da dukawa da masu raƙuma da direbobi duk sun ci moriyar abin, domin irin wannan baƙo a cikin gari yake yawo, a hannun mutanen gari kuma yake kashe kuɗinsa. Tawayen da ya sake ɓarkewa a 2007, da sace ma'aikatan kamfanin haƙar yuraniyom a Arlit a 2010, su suka tsayar da komai cak. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya, amma karramawar ta zo ne bayan baƙin sun watse. Wannan ya nuna abu biyu: gari na tudu zai iya jawo Bature da tarihinsa da al'adunsa kaɗai, kuma rashin tsaro na iya rushe ginin shekara ashirin cikin hunturu ɗaya.

A nan ne ya wajaba a faɗi abin da ba shi da daɗin ji. Ma'aikatun harkokin waje na ƙasashen Turai da dama suna sanya jihohin arewa maso yammacin Nijeriya, har da Katsina, cikin wuraren da suke gargaɗin 'yan ƙasarsu kada su je. Mutumin Daura zai ce, kuma da gaskiyarsa, ai ta'asar 'yan bindiga ta fi ƙamari ne a ƙananan hukumomin da ke gefen dajin Rugu, can yamma da kudancin jihar, yayin da Daura da Zango da Ɓaure da Sandamu da Mai'aduwa ke zaune cikin sauƙi idan aka kwatanta. Amma jami'in da ke rubuta gargaɗin a Stockholm da sunan jiha yake aiki, kuma abin da ya sani game da Katsina shi ne sace ɗaliban makarantar Ƙanƙara fiye da 300 a Disamban 2020. Ba zai kuma manta cewa a cikin garin Daura aka ɗauke Magajin Gari a watan Mayun 2019 ba, kafin jami'an tsaro su kuɓutar da shi bayan wata biyu.

Wannan gargaɗi ya wuce shawara kawai. Da zarar an fitar da shi, kamfanonin inshora kan janye kariyarsu daga duk wanda ya yi kunnen ƙashi ya tafi, kamfanin shirya tafiya kuma yakan soke tafiyar ya mayar wa mutane kuɗinsu, domin dokar Tarayyar Turai ta bai wa matafiyi damar fasa tafiya ba tare da asara ba idan wani babban haɗari ya taso a inda za shi. Mutanen waɗannan ƙasashe kuwa suna da dalilin yin taka-tsantsan. Igiyar ruwan tsunami ta ranar 26 ga Disamban 2004 ta hallaka 'yan Suwidin 543, akasarinsu masu hutu a Tailan, kuma gwamnatin ƙasar ta sha suka mai tsanani kan jinkirin kai ɗauki. A Disamban 2018 aka kashe wasu 'yan mata biyu, ɗaya 'yar Denmak ɗaya 'yar Norwe, a tsaunukan Maroko. Irin waɗannan abubuwa ba sa gogewa da wuri a ƙasar da mutanenta ba su da yawa.

To, ina rabon yake? Yana cikin wani ɗan yanki na kasuwar da manyan kamfanoni ba su damu da shi ba: ƙananan ayari na mutum goma zuwa ashirin, masu tafiya domin ganin tarihi da al'ada. Cikinsu akwai malaman makaranta da suka yi ritaya, da masu ɗaukar hoto, da masu sha'awar dawaki, da ɗaliban makarantun kwana na manya da ake da su a Denmak da Norwe, waɗanda sukan haɗa karatunsu da tafiya zuwa Afirka. Akwai kuma tsohuwar alaƙa da za a iya ɗorawa a kanta. 'Yan mishan na Denmak sun kafa zango a Numan tun 1913, kuma da yawa daga cikinsu sun koyi Hausa. Ƙasar Denmak ta shafe shekaru tana tallafa wa ayyukan ruwan sha a jihohin Damagaram da Diffa. A Uppsala ta Suwidin akwai cibiyar nazarin Afirka da aka kafa a 1962, a Jami'ar Bergen ta Norwe kuma an yi fitattun masana rubuce-rubucen Larabci na ƙasashen Sudan. Irin waɗannan mutane ba su da yawa, amma sukan daɗe a gari, sukan ɗauki ɗan jagora, su sayi kayan fata da saƙa, idan sun koma gida kuma su rubuta abin da suka gani.

Abin da za a nuna musu kuwa ba sai an ƙirƙira shi ba. Ga rijiyar Kusugu, inda tarihin baka ya ce Bayajida ya kashe macijin da ke hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya kuma auri Sarauniya Daurama, aka sami zuriyar da ta kafa Hausa Bakwai. Mutanen da suka tashi da labaran jarumtakar kakanninsu na zamanin da, ba za a sha wahalar fahimtar da su darajar irin wannan labari ba, kuma jerin sarakuna mata da suka mulki Daura kafin zuwan Bayajida abu ne da zai ja hankalin al'ummar da ke alfahari da matsayin mata a cikinta. Ga fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, wanda ya hau gadon sarauta a 2007 bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bashar. Ga kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa, inda fatake daga Nijar da kudancin Nijeriya ke haɗuwa. Tafiyar da ba ta kai awa biyu ba za ta kai baƙo Katsina ya ga hasumiyar Gobarau da gidan tarihin da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, a hanya kuma ga kushewun Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani. Da can akan iya ƙarasawa Damagaram ta kan iyakar Kongolam, amma tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 dangantakar ƙasar da Turai ta yi tsami, don haka a ajiye wannan ɓangare tukuna.

Akwai wani lissafi da ba a cika yin sa ba, alhali shi ne ya fi komai muhimmanci ga mai tsara tafiya, wato na kalanda. Manyan bukukuwanmu da watan Musulunci suke tafiya, suna matsowa baya da wajen kwana 11 a kowace shekara. Sallar Gani, wadda Daura ta shahara da ita, tana zuwa ne a watan Rabi'ul Awwal. A 2025 ta faɗo a cikin Satumba, kuma a shekarun da ke tafe za ta ci gaba da nutsawa cikin damina, lokacin da mutanen arewacin Turai ke jin daɗin tasu ranar a gida ko a gaɓar Bahar Rum. Ƙaramar Salla kuwa hanyar hunturu ta nufa. An yi ta a ƙarshen Maris a 2025. Bisa lissafi za ta kasance a ƙarshen Fabrairu a 2028, tsakiyar Fabrairu a 2029, sannan cikin Janairu daga 2031 zuwa 2033. Makarantun Suwidin da Norwe da Finlan da Denmak kuma sukan ba da hutun mako guda tsakanin tsakiyar Fabrairu da farkon Maris, kuma lokaci ne na tafiye-tafiye. Ma'ana, na tsawon wasu shekaru Hawan Salla da Hawan Magajiya za su dace da lokacin da baƙin ke neman wurin zuwa, a kuma yanayin da zafin Daura bai kai na bazara ba. Idan wannan dama ta wuce, sai bayan shekara talatin da 'yan kai za ta sake zagayowa. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Sanya hawan Sallar Kano da UNESCO ta yi cikin jerin al'adun duniya a Disamban 2024 ya ƙara fito da sunan wannan al'ada a idon duniya, kuma Daura da Katsina za su iya cin gajiyar hakan. Sai dai mai shirya tafiya yana buƙatar tabbaci tun shekara guda kafin lokaci cewa za a yi hawan. An taɓa dakatar da shi a masarautun jihar nan saboda halin tsaro da kuma annobar korona, a Kano ma an dakatar a 2024 da 2025. Kamfanin da ya sayar da tikiti sau ɗaya aka ce masa an fasa, da wuya ya sake dawowa.

Ta fuskar hanya, al'amura sun ɗan fara sauyawa. Jirgin KLM da ya shafe fiye da shekara sittin yana haɗa Kano da Amsterdam ya daina zuwa tun 2012, don haka baƙo daga arewacin Turai sai ya canja jirgi a wani wuri kafin ya iso. Amma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta Daura ya ratsa, kuma idan aka kammala shi zai rage wa baƙo fargabar doguwar tafiya a mota. Tun watan Mayun 2025 kuma Nijeriya ta koma ba da biza ta intanet ga masu gajeriyar ziyara.

Abin da ya rage a hannun jiha da masarauta ƙananan ayyuka ne masu arha idan aka kwatanta da ginin otal. Ana buƙatar matasa 'yan jagora da aka horar, masu iya ba da tarihin Kusugu da Ingilishi ba tare da ƙari ko ragi ba, kuma ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin da za ta iya ɗaukar nauyin horon. Ana buƙatar bayanai a rubuce a kowane wurin tarihi, da makewayi mai tsabta, da kuɗin shiga tsayayye wanda ake ba da rasit a kansa, da 'yan masaukai masu ɗaki goma ko ashirin da ruwa da wuta ba sa yankewa, mallakar 'yan gari. Ya kamata kuma a rubuta wa baƙo ƙa'idojin gari a fili: irin suturar da ta dace, da neman izini kafin ɗaukar hoton mutum, da ladubban shiga fada. Mutanen waɗannan ƙasashe an san su da bin doka idan an gaya musu ita tun farko. Amfanin waɗannan ayyuka shi ne ko da Bature ɗaya bai zo ba, kuɗin bai faɗi ƙasa banza ba, domin baƙin Daura na haƙiƙa a yau 'yan gida ne: ɗaliban makarantu, da Hausawan Gana da Kamaru da Sudan masu son ganin tushensu, da kuma masu zuwa ziyara tun bayan da aka yi jana'izar tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari a garin a ranar 15 ga Yulin 2025.

Game da gargaɗin tafiya kuwa, babu wata talla da za ta ɗage shi, sai ingantuwar tsaro a faɗin jihar, wadda gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma dominta a 2023. Amma akwai matakin da za a iya ɗauka tun yanzu. Suwidin da Norwe da Denmak da Finlan duk suna da ofisoshin jakadanci a Abuja, kuma rahotannin waɗannan ofisoshi na cikin abin da ma'aikatunsu ke dogara da shi wajen sabunta gargaɗin. Wasu ƙasashen kan bambanta yanki da yanki a cikin jiha ɗaya idan suna da hujjar yin hakan. Gayyatar jakadun nan huɗu zuwa Hawan Magajiya, tare da ba su alƙaluman tsaro na ƙananan hukumomi biyar na masarautar kamar yadda suke, shekara bayan shekara, aiki ne da bai fi ƙarfin Gwamnatin Jiha da Majalisar Masarautar Daura ba, kuma ya kamata a fara shi kafin Sallar 2028.